Yadda ake sauke dogon ƙwai mai cok a sa LED a gareji

Duk wanda ya taɓa kai magariba yana aiki a gareji ya san yadda abin yake. Cok, wato ɗan ƙarfen da ke taƙaita wutar da ke shiga dogon ƙwan fitila, yana ta ƙugi a saman kai, ƙwai yana ƙyafta ido, yaron shago ya taka benci yana murza sitata, ɗan abin nan da ke tayar da ƙwan, ko Allah zai sa ya kama. Haka garejin yayana da ke nan cikin garin Bauchi ya yi shekara da shekaru. Dogayen ƙwayaye takwas ne a rataye, amma da wuya ka ga biyar suna ci lokaci guda. In wuta ta zo ba ƙarfi kuwa, sai bakin kowanne ya yi ja kamar garwashi, haske ya ƙi fitowa. Ni aikin wuta nake yi, shi kanikanci. Ranar da na iske shi kwance ƙarƙashin wata Golf, ya cije waya a baki yana haska noti da tocilan ɗinta, na ce masa, "Yaya, wannan wahalar ta isa. Ranar Lahadi da ba motoci mu sauke su gaba ɗaya." Abin da muka yi a ranar shi zan jero a nan, don aikin ba shi da wuya, amma akwai wurare biyu ko uku da in aka kuskure, ko ƙwai ya ƙone ko mutum ya ji ciwo.

Ka fara da sanin abin da tsohon yake ci maka

Dogon ƙwai mai tsawon ƙafa huɗu an rubuta masa wat 36, tsofaffin masu kauri kuma wat 40. Wannan na ƙwan ne kaɗai. Cok ɗin da ke cikin gidan ƙwan shi ma yana shan nasa, wajen wat 8 zuwa 10, kuma zafi kawai yake mayar da shi. Taɓa shi bayan awa ɗaya da kunnawa za ka tabbatar. Ke nan kowane ƙwai ɗaya yana cin kusan wat 45. Na LED mai tsawo iri ɗaya wat 18 ne. A ƙwai takwas, wat 360 ke nan a da, yanzu 144. In ana kunna su awa shida kullum, kwana 26 a wata, ragin ya kai yunit 33 da ɗoriya a mita.

Inda abin ya fi taɓa mai gareji shi ne janareta. Mu nan Bauchi, da Gombe da Filato da Binuwai, kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke ba mu wuta, amma kowane gareji da nasa ɗan janareta a gefe, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take nufi. Ƙwai mai cok wanda ba a sa masa kafasita ba, wato ɗan gwangwanin da ke rage masa jan wuta, yana jan kusan amfiya 0.43 (amfiya ma'aunin jan wuta ne), wato nauyin da yake ɗora wa janareta ya ninka abin da aka rubuta a jikinsa. Takwas sun kai amfiya uku da rabi, sun kusa cinye ƙarfin ƙaramin janaretan nan gaba ɗaya. Shi ya sa da an kunna fitilu sai ka ji muryar injin ta canza, garanda kuma ta ƙi tashi.

Auna ɗakin kafin ka je kasuwa

Kada ka ƙirga tsofaffin ƙwayaye ka ce adadinsu za ka sayo. Wanda ya rataye su tun farko ba lissafi ya yi ba, inda ya samu katako ya buga. Ɗauki tef ka auna tsawo da faɗin inda ake aiki. Namu mita 6 ne da mita 4, murabba'in mita 24 ke nan. Aikin gareji yana son kamar lumen 300 ya sauka a kan kowane murabba'in mita, a kan bencin da ake kwance kafireto ko ake haɗa waya kuma 500. Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da ƙwai ke fitarwa, wat kuwa ma'aunin wutar da yake ci ne, kada a haɗa su. 24 sau 300 ya ba da 7,200. Sai ka ninka shi biyu, domin bangon gareji baƙi ne da hayaƙi da baƙin mai, yana shanye haske, ƙura kuma tana hawa kan ƙwai. Ya zama 14,400. Ƙwan LED mai wat 18 na kirki yana ba da wajen lumen 1,800, ka ga takwas ke nan. Mu adadin ya zo daidai da na da, amma wurin ratayewa ne ya canza, zan zo kansa.

In kana da halin sayen bokiti ɗaya na farin fenti, shafe bangon da shi kafin ranar aiki. Yayana ya yi ta gardama cewa wata biyu zai koma baƙi. Ya koma ɗin daga ƙugu zuwa ƙasa, amma saman yana nan fari, kuma shi ne ke mayar da haske cikin ɗaki.

A shagon kayan wuta

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ko kasuwar Wunti ka shiga ko ta Muda Lawal, za a ɗauko maka iri-iri, kowanne kwalinsa na sheƙi. Ga abin da nake dubawa.

Na farko, lambar ƙarfin wutar da ƙwan ke iya ɗauka. Wutarmu a ƙa'ida 230V ce, amma kowa ya san yadda take sauka da yamma in unguwa ta kunna kaya. Nemi wanda aka rubuta 85 zuwa 265V, ko aƙalla 165 zuwa 265V. Wanda aka rubuta 220 zuwa 240V kaɗai zai dushe ko ya riƙa rawa in wuta ta yi ƙasa, ka koma gidan jiya.

Na biyu, lumen. In kwali bai rubuta lumen ba, ajiye shi. In ya rubuta, raba shi da wat. Kusan lumen 100 a kowane wat shi ne na gaskiya a ƙwan kasuwa. Wanda bai fi kara nauyi a hannu ba amma aka buga masa wat 40 ko 60, ni ba na yarda da shi.

Na uku, launin haske, wanda ake rubutawa da harafin K. 6500K fari ne tas mai ɗan shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwa. 4000K fari ne mai taushi, 3000K ruwan ɗorawa. A gareji ka tsaya tsakanin 4000K da 6500K, kuma ka sayi iri ɗaya duka, kada ɓangare ɗaya ya yi fari ɗaya ya yi ja, ido yana gajiya. Akwai wata lamba kuma da ake rubuta Ra ko CRI a gabanta, ita ke nuna yadda launin abu ke fita a ƙarƙashin hasken. 80 ya wadatar wa bakanike. Mai fentin mota da mai haɗa wayar mota, wanda dole ya bambance jar waya da ruwan ƙasa a cikin dami, su nemi 90 in sun samu.

Sai ka ce a gwada maka kowane ɗaya a gabanka. Buɗe kyamarar wayarka ka kusanta ta da ƙwan. In ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, ƙwan yana ƙyaftawa ne da saurin da ido ba ya gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake da injin da ke juyawa. Tsohon ƙwai mai cok yana dushewa ya dawo sau 100 a daƙiƙa ɗaya, domin wutarmu mai zagaye 50 ce, kuma a irin wannan hasken faifan garanda ko fankar injin mota kan yi wa ido kamar tana juyawa a hankali ko ma ta tsaya, alhali gudu take. LED mai araha ma yana yin haka. Wanda bai nuna layi a kyamara ba shi za ka ɗauka. Ka roƙi mai shago ya rubuta kwanan wata da maka a jikin ƙwan, ku yi magana a kan wata nawa zai canza maka in ya mutu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne kan gaba a muhimmanci: tambayi yadda wuta ke shiga ƙwan. Iri uku ne. Akwai wanda layif, wato wayar da ke kawo wuta, ke shiga ta baki ɗaya, nutural, wadda wutar ke komawa ta kanta, ta ɗaya bakin. Akwai wanda duka biyun ke shiga ta baki ɗaya, za ka ga an buga L da N kusa da fil biyun wannan bakin. Akwai kuma wanda ke zuwa da tasa sitata a cikin kwali, a cire tsohuwa a sa ta, a bar cok a inda yake. Wannan na ukun ya fi sauƙi, amma ban ba ka shawararsa ba. Cok ɗin yana nan yana ɗan shan wuta, ranar da ya ƙone kuma fitila ta mutu duk da ƙwan lafiyarsa lau. In gidan ƙwan ya yi tsatsa ko holdarsa, wato mariƙin bakin ƙwan, ta farfashe, kada ma ka wahalar da kanka, sayi LED mai haɗe da gidansa. Mu huɗu muka gyara, huɗu muka sayi sababbi masu murfi da aka rubuta IP65, waɗanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, muka sa su ta bakin ƙofa inda ake wanke inji.

Ranar aiki: kashe wuta tukuna

Kashe makunnin bango bai isa ba. Je ka sauke babbar bireka ko ka zare fis, ka mayar da cenjoba, makunnin da ke juya layi tsakanin wutar gari da janareta, tsakiya, ka tabbatar janareta a kashe yake, in akwai inbata ita ma ka kashe ta. Ka gaya wa duk wanda ke wurin. Ni fis ɗin a aljihuna nake sa shi, domin yaro zai iya shigowa ya ga duhu ya mayar da shi da kyakkyawar niyya kana saman tsani. Kada ka ce ai an ɗauke wuta tun safe, ba ta sallama in za ta dawo. Gwada tastarka, wato sukundireban gwajin wuta, a soket mai wuta kafin ka kashe, don ka san tana aiki, sannan ka taɓa kowace waya da ita kafin hannunka ya kai. Tsanin katako ya fi na ƙarfe, takalmi a ƙafa, ƙasa a bushe. In ba ka taɓa buɗe gidan ƙwai ba, kira mai aikin wuta ka tsaya kusa da shi da wannan bayanin, kuɗin aikinsa bai kai na asibiti ba.

Murza tsohon ƙwan kwata ɗaya ya fito, ka miƙa wa na ƙasa ya jingine shi inda ba za a taka ba. Cire sitata. Kwance murfin gidan.

Abin da za ka gani a ciki kusan iri ɗaya ne ko'ina. Layif, wadda a tsohon waya ja ce a sabo kuma ruwan ƙasa, ta shiga cok. Daga cok wata waya ta tafi rami ɗaya na holdar farko. Daga ɗaya ramin wata ta tafi gidan sitata, daga gidan sitata zuwa holda ta biyu. Nutural, baƙa ko shuɗiya, ta shiga ramin da ya rage a holda ta biyu. A wasu za ka ga kafasita kamar ƙaramin gwangwani tsakanin layif da nutural. Kada ka taɓa bakinta da yatsa, takan riƙe wuta bayan an kashe. Haɗa bakinta biyu da sukundireba mai hannun roba tukuna, sannan ka cire ta. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka yanke komai.

In ƙwanka mai shan wuta ta baki biyu ne, cire layif daga cok, ka cire wayar da ta fita daga cok zuwa holda, ka haɗa su biyun da kwanekta. Cok ya fita daga layi ke nan. Nutural ka bar ta inda take. Sai ka yanke wayoyi biyun da ke zuwa gidan sitata, ka naɗe kan kowacce daban da tef. Wannan kada ka manta da shi. A irin wannan ƙwan fil biyun kowane baki galibi a haɗe suke ta ciki, in sitata ta rage a wurin ba cok a gabanta, ta zama gada tsakanin layif da nutural, sai dai ka ji tau.

In mai shan wuta ta baki ɗaya ne, layif ta shiga rami ɗaya na holdar farko, nutural ta shiga ɗaya ramin na wannan holdar dai. Holda ta biyu ka cire mata waya gaba ɗaya, aikinta riƙe ƙwai kawai. Kafin ka haɗa, sa mitar gwajin waya ka tabbatar ramuka biyun holdar ba a haɗe suke ta ciki ba, domin akwai holdar da aka ƙera haka, musamman a gidajen da cok ɗinsu na zamani ne marar sitata. Sannan ka sa alama da maka a bakin da ke da wuta. Wasu ƙwayayen fil biyun ɗaya bakin a haɗe suke, in aka juya ƙwan aka sa shi baibai, bireka za ta faɗi ko holda ta ƙone.

Kwance cok ɗin ka fitar da shi, nauyi ne kawai. In akwai wayar ƙasa, koriya ko koriya da ɗorawa, ɗaure ta a jikin ƙarfen gidan da kyau. Haɗi kuma da kwanekta ake yi. Murɗa waya biyu a naɗe da tef a ƙarƙashin kwanon Bauchi, inda zafin Maris da Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, tef ɗin saki yake yi cikin 'yan watanni. Kafin ka rufe, rubuta da manyan baƙaƙe a cikin gidan: BA COK, LED KAWAI. Wata rana wani zai zo da tsohon dogon ƙwai ya ce bari ya maƙala, kuma ba cok ɗin da zai tare masa wuta.

Gyara ɗaya, ka mayar da wuta ka gwada, ka sake kashewa, sannan ka bi sauran. In ka kashe makunni ka ga ƙwan yana ɗan haske dishi-dishi cikin duhu, yawanci makunnin yana yanke nutural ne maimakon layif. Tsohon ƙwai yakan ɓoye wannan kuskuren, LED kuwa tona shi yake yi. Gyara shi a ranar, domin ma'anarsa holda tana da wuta ko makunni a kashe yake.

Inda za a rataye

Wannan shi ne abin da ya canza garejin fiye da ƙwan kansa. A da layi ɗaya ne a tsakiya, daidai saman rufin mota. Da an ɗaga bonet sai ya tare hasken, inji ya shiga inuwa, bakanike ya sunkuya ya ƙara tasa inuwar a kai. Tsohon ƙwai ta kowane gefe yake watsa haske har da sama, LED kuwa ƙasa yake kallo, don haka inda ka nufa da shi nan zai haska. Na sa yayana ya shigo da mota ya ɗaga bonet, ya tsaya yadda yake tsayawa in yana aiki, na riƙa yawo da ƙwai ɗaya a hannu da doguwar waya har ya ce, "Yauwa, nan, tsaya nan, ina ganin har belt." Muka yi layi biyu, uku-uku, a hagu da damar mota, kamar taku ɗaya daga jikinta, na gaba sun ɗan wuce hancin motar don haske ya shiga ƙarƙashin bonet ta gefe. Sauran biyun a saman benci, daidai bakinsa na gaba, yadda hasken zai sauka a kan hannu ba a ƙeya ba. Benci da nasa makunni, layin mota da nasa, don kada a kunna takwas saboda aikin biyu.

Kada ka manna ƙwai a jikin kwano. Zafi ne ke kashe LED, ba yawan kunnawa ba. Sauke shi da sarƙa ko ka buga shi a katako, ya samu ko taƙi ɗaya ne tsakaninsa da rufi iska ta ratsa. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa fitilu, a zura ta cikin faif saboda ɓera da tartsatsi, a ba ta tata bireka mai amfiya 6 ko 10. In ana walda a garejin, raba layin fitilu da na injin walda tun daga allon bireka. Fizgar wutar da injin ke yi duk lokacin da aka ɗana sanda tana gajiyar da ɗan na'urar da ke cikin ƙwan.

Ramin duba ƙarƙashin mota kuma kada ka kai masa wutar 230V ko kaɗan. Tururin fetur ya fi iska nauyi, cikin rami yake taruwa, ƙyas ɗaya daga haɗin da ya saki ya isa. Fitilar LED ta caji mai maganaɗisu, ko mai aiki da batir 12V wadda makunninta ke waje, ita ce ta rami. Batirin mota ai ba ya yankewa a gareji, kuma ƙwai biyu na 12V a saman benci za su ba ka haske ranar da babu wuta babu mai.

Tsofaffin da aka sauke

Kada a jefa su bayan shago. Dogon ƙwai yana da zaiba a ciki, wato makuri, kaɗan ce amma guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta fi yi wa yara da masu ciki illa. Saboda ita aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018, kuma a taron 2023 ƙasashen suka tsayar da cewa zuwa ƙarshen 2027 za a daina ƙera irin waɗannan ƙwayayen da shigo da su. Ke nan ko ba ka sauya yau ba, samun na canji zai riƙa wuya. Na sha ganin yara sun tsinci dogon ƙwai a bola suna takobi da shi, su fasa, farin garin ya bule musu a fuska, abin yana damuna ƙwarai. Zura kowanne cikin kwalin sabon da ka saya, ka ɗaure su tare, ka ajiye a sama inda hannun yaro ba ya kai. Masu ci har yanzu ka ba wanda bai sauya nasa ba. In ɗaya ya fashe, kowa ya fita, a buɗe ƙofa da taga kamar minti 15, sannan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba don tana tayar da garin, a zuba a gwangwani mai murfi a rufe. Cok kuwa akwai jan ƙarfe a cikinsa, 'yan gwangwan suna saye.

Da hunturu ya kama, ƙura za ta kwanta a bayan ƙwan da cikinsa har haske ya ragu ba ka lura ba. Duk sati biyu a kashe wuta, yaro ya hau tsani ya goge su da tsumma mai ɗan danshi. Ka kuma ajiye ƙwai biyu irin wanda ka sa, cikin kwalinsu, domin in ɗaya ya mutu bayan shekara ka koma kasuwa, wataƙila mai shan wuta ta ɗaya hanyar za a miƙo maka, kuma a ido duk kamarsu ɗaya.